Yadda Ake Ƙera Ƙaramin Jirgin Ƙarƙashin Ruwa Mai Rimot da Tiyon Famfo

Jirgina na farko yana nan kwance a ƙasan wani tafki da ke bayan gari, damina uku ke nan. Wata biyu na yi ina aikinsa. Ranar gwaji ya nutse sumul a gaban yaran unguwa, ana ta sowa, daga nan bai sake tasowa ba. Batir ne ya ƙare masa a daidai lokacin da ya cika cikinsa da ruwa, ni kuwa ban tanadar masa wata hanyar dawowa ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma shi ya sa duk matakin da zan kawo a nan tambaya ɗaya yake amsawa: idan batir ya mutu, ko rimot ya daina kai saƙo, ko motar lantarkin da ke cikinsa ta tsaya, jirgin zai taso da kansa? Ko dutse ya iya nutsewa, don haka aikinka duka a kan tasowar yake.

Mu a Maraɗi teku ta yi mana nisa, sai ka yi fiye da kilomita 1000 a mota kafin ka gan ta a Legas ko Kwatano. Amma wannan aikin ruwan daɗi ya fi so, domin ruwan gishiri yana cinye ƙarfe kuma yana toshe saƙon rediyo gaba ɗaya. Ruwan tano, da kwamin siminti na masu lambu, da tafkin Madarunfa sun ishe mu.

Zaɓen jirgi da awo

Zaɓi jirgin da jikinsa yake miƙaƙƙe kamar tiyo. Na fi son jiragen Amurka na rukunin Los Anjalis, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1976. Tsawonsu mita 110, faɗinsu mita 10. Idan ka ƙanƙanta su sau ɗari, ka samu santimita 110 a tsaye da santimita 10 a faɗi, wato daidai tiyon roba na bahaya mai milimita 100 da ke jibge a shagunan kayan famfo na babbar kasuwa. Wannan dacewar ta rage maka rabin wahala. Jirgin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, samfurin VII C mai mita 67, ya fi ban sha'awa a ido, sai dai jikinsa duk lanƙwasa ne da ramuka, ka ajiye shi sai hannunka ya faɗa.

Nemi zanen jirgin ta gefe a intanet, ka kai wurin masu fotokofi su buga maka shi a takardu da yawa, ka liƙa su har tsawon ya kai santimita 110. Daga wannan zanen za ka riƙa ɗaukar awon komai da rula: inda tozo yake zaune, tsayinsa, girman fukafukan wutsiya. Tozo nake kiran hasumiyar nan da ke bayan jirgi.

Jirgin kashi biyu ne. Akwai riga, wato tiyon waje mai milimita 100, wadda ruwa ke shiga yana fita yadda ya so. Akwai kuma ciki, wato wani tiyo mai milimita 63, tsawon santimita 60, rufaffe ruf, inda mota da batir da sauran kayan lantarki suke zaune. Kar ka yi ƙoƙarin toshe rigar duka. In ka yi haka za ka kulle iska lita bakwai ko takwas, kuma sai ka nemo dalma kilo da yawa kafin jirgin ya yarda ya shiga ruwa.

Ga dalilin. Ka'idar da Arkimidis na Girka ya gano fiye da shekara 2200 da suka wuce ita ce ruwa yana tura abu sama da ƙarfi daidai nauyin ruwan da abin ya ture. Lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya ce. Tiyonmu na ciki yana ture kusan lita 1.9, don haka shi da kayan cikinsa da dalmar da za ka ɗaura masa sai sun kusa kilo 1.9 kafin ya tsaya tsakiyar ruwa. Ka tanadi ƙaramin sikeli irin na masu sayar da kayan miya ko na kicin mai nuna giram, ka riƙa auna kowane abu kana rubutawa a littafi tun daga ranar farko.

Tiyon ciki da murafansa

Nan ne aikin yake, kuma nan za ka fi daɗewa. Sayi tiyo mai kauri na ruwan famfo, ka leƙa cikinsa a hasken rana. Idan ka ga zane ko ƙuraje a bakinsa, canza wani. Yanke shi da zarto daidai wa daida, ka goge bakin ta ciki da takardar yashi mai laushi har ya ɗan buɗe kamar bakin ƙwarya, don kada kaifinsa ya yanki zoben roba lokacin da kake tura murfi.

Murafai biyu kake buƙata. Kai guntun roba mai tauri, irin farar nan da ake yin bushi da ita, wurin masu injin sassaƙa ƙarfe, ka tafi da tiyon kansa don su auna a jikinsa. Kowane murfi ya shiga cikin tiyo kamar santimita biyu, a yi masa kwari biyu a kewaye inda zoben roba zai kwanta. Idan kaurin zoben milimita 3 ne, zurfin kwarin ya zama kamar milimita 2.4, yadda zoben zai ɗan matsu idan ya shiga. In kwarin ya yi zurfi ruwa zai bi ta sama, in ya yi ƙasa murfin ba zai shiga ba sai da yaga zobe. Wani dattijo mai injin da ya yi mini nawa ya juya tiyon a hannunsa ya ce, "Ɗana, wannan bakin ba zagayayye ba ne, rana ta taɓa shi." Na duba, gaskiyarsa. Tiyon da ya daɗe a shanye a ƙofar shago yakan lotsa, ido ba ya gani, amma zobe ba zai toshe shi ba. Na ce, "Baba, to yaya za a yi?" Ya ce in koma in sayi wanda ke cikin rumfa. Ka kiyaye wannan tun wurin saye.

Man da za ka shafa wa zoben, nemi girisin silikon. Basilin da girisin mota suna kumbura wasu nau'in roba, bayan mako biyu ka ga zobe ya yi laushi ya fita daga kwarinsa.

Murfin baya yana da ramuka uku: na sandar farfela a tsakiya, da biyu na sandunan da ke motsa fukafukai. Tsohuwar eriyar rediyo mai zugewa taska ce a nan, domin ƴan bututu ne na tagulla a jere, kowane ya shige cikin ɗan'uwansa. Zaɓi wanda sandar farfela mai milimita 4 take juyawa a ciki ba tare da kaɗawa ba, ka yanki santimita biyar, ka kafa shi a murfi da gam mai haɗi biyu, ka cika shi da girisi. A bakinsa na waje sa ɗan ƙaramin zoben roba da wani guntun tiyo ya danne shi. Sandunan fukafukai kuwa, wayar ƙafar keke wadda ba ta tsatsa ta wadatar. Ita ma ta bi ta bututun eriya, sai ka rufe mahaɗar da wuyan balan-balan, ka ɗaure gefe ɗaya a bututu, ɗayan a jikin sanda, da zare mai ƙarfi. Ka bar robar da ɗan sako-sako don sanda ta samu zuwa da dawowa.

Murfin gaba kuma ramuka uku: na tiyon sirinji, na wayar eriya, da na bawul ɗin tayar keke ko na babur. Bawul ɗin nan kada ka bar shi, shi ne zai riƙa gaya maka gaskiya. Rufe murafai, ka ɗaure su, ka buga famfon keke sau biyu ko uku kawai, ka tsoma tiyon a baho. Duk inda ƙwayar iska ta fito a jere, nan ruwa zai shiga. Gyara, ka sake. Idan ba kumfa, saki iskar, ka cusa busasshiyar takarda mai laushi a ciki, ka ɗaura dutse, ka sauke shi ƙasan tano cike da ruwa ya kwana. Da safe takardar ta fito a bushe ƙayau, in ba haka ba aiki bai yi ba. A zurfin mita ɗaya ruwa yana danna kowane murfi da nauyin kusan kilo uku, a mita biyu ya ninka. Kada ka sa ko waya ɗaya ta lantarki a ciki kafin tiyon ya ci wannan jarrabawar sau biyu a jere.

Gam ɗin silikon mai warin tsami da ake liƙa gilashi da shi, kar ka yi amfani da shi a ciki, tururinsa yana cin tagullar wayoyi. Gam mai saurin kamawa na ɗan kwalba kuma yana tsagewa a ruwa. Mai haɗi biyu shi ne abokin aiki, bayan ka karce wurin da takardar yashi.

Sirinji, huhun jirgi

Manyan jirage suna da tankuna da suke cikawa da ruwa su nutse, su kore shi da iska mai matsi su taso. Namu tankin sabon sirinji ne mai mililita 60 daga farmasi. Ya ja ruwa jirgi ya ƙara giram 60, ya tura ya rage 60.

Yanke kunnuwan sirinjin don ya shiga tiyo. Yanke sandar matsawarsa, ka bar kan mai baƙar roba, ka kafa masa noti na milimita 6 a ƙarshen wani ɗan bututu. Ƙusa mai zare ta milimita 6 ta shiga notin, ɗayan ƙarshenta kuma a haɗe da ƙaramar mota mai giya. Zaren wannan ƙusa yana matsawa milimita ɗaya a kowane juyi, sirinjin kuma tafiyarsa kusan santimita goma ce, juyi ɗari ke nan. Mota mai juyi 300 a minti za ta cika shi cikin daƙiƙa ashirin, kuma hakan ya yi daidai. Ka sa wata ƴar sanda a gefe da za ta hana notin juyawa tare da ƙusa, in ba haka ba mota za ta yi ta gudu kan sirinji yana wuri ɗaya.

A kowane ƙarshen tafiyar sa ɗan makunni da zai yanke wuta idan kan sirinji ya iso. Irinsu suna cikin matattun firinta da linzamin kwamfuta, masu gyara a kasuwa za su ba ka a banza ko da ƴan kuɗi kaɗan. Kowane makunni a gitta masa dayod, ɗan abin nan da ke barin wuta ta bi ta ɓangare ɗaya kawai, yadda idan ya yanke wuta ta wannan ɓangaren, wutar komawa baya za ta samu hanya. Wanda ya tsallake wannan matakin zai ga mota ta fizge kan sirinji daga cikinsa, ruwan duka ya zube kan batir.

Daga bakin sirinji ja siririn tiyo irin na ƙarin ruwa zuwa murfin gaba, a waje ka ɗaure masa ƙyallen gidan sauro ninki uku. Ruwanmu da yashi da laka yake, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce cikin sirinji ya fara yoyo.

Abu biyu da ake mantawa. Na ɗaya, idan sirinji ya ja ruwa, iskar da ke cikin tiyo tana matsuwa, tana tura murafai waje da ƙarfin da ya kusa kilo biyu. Don haka a ɗaure murafan da ƙugiya ko da wayoyi biyu da suka bi gefen tiyo daga gaba zuwa baya. Na biyu, tsakiyar sirinji dole ta zo daidai tsakiyar nauyin jirgin duka. In ya matsa gaba, duk lokacin da ya cika jirgi zai kifa hanci, in ya matsa baya ya ɗaga kai.

Jera kayan a kan wani siririn faifan roba da zai riƙa zugewa kamar aljihun tebur: motar farfela da sarbo biyu (ƴan motocin da ke tura sandunan fukafukai) a baya, sirinji a tsakiya, batir a gaba kuma a ƙasa. Motar farfela, mai lamba 385 ta isa, irinta tana cikin tsofaffin firinta. Farfela mai faɗin milimita 35 zuwa 40. Haɗa sandar mota da ta farfela da guntun tiyon mai na babur, yana shanye ɗan karkacewa. Batir biyu masu lamba 18650 a jere suna ba da bolt 7.4. Ana ciro su daga matattun batiran kwamfuta, amma a gwada kowane, wanda ya yi zafi wurin caji ko ya kumbura a jefar. A sa musu allon kariya mai yanke wuta idan abu ya ɓaci, a sa fis na mota mai amfiya 5, kuma kullum a fito da su waje kafin a yi caji.

Maganar rimot

Ruwa yana shanye saƙon rediyo, kuma gwargwadon yawan kaɗawar saƙon, wanda ake aunawa da MHz ko GHz, gwargwadon saurin shanyewarsa. Rimot na zamani mai GHz 2.4 ba ya ratsa ko faɗin tafin hannu na ruwa. Tsofaffi masu MHz 27 ko 40 suna kai mita biyu ko uku a ruwan daɗi, shi ya sa masu wannan sana'a a Turai suke riƙe da su har yau, a Amurka kuma MHz 75. Samun masu tashoshi da yawa irinsu, wato masu iya sarrafa abubuwa da yawa daban-daban, ya yi wuya yanzu.

Shawarata ita ce ka fara da na zamanin, misali FlySky FS-i6 mai tasha shida, wanda ƴan kasuwarmu masu zuwa Kano ko masu odar kaya daga Sin za su iya kawo maka. Dalilina: ruwan tafkunanmu jajaye ne, jirgi ya yi ƙasa da kamu ɗaya ka daina ganinsa, to me za ka tuƙa? Sai ka ƙara wa eriyar risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot a cikin jirgi, tsawo ka fito da ita ta tozo, cikin bututun biro, ta yi sama kamar santimita 15. Wayar da ta dace ita ce siririyar nan ta eriyar Wi-Fi da ke bayan gilashin matacciyar kwamfutar hannu. A wasu risiba ɗan maɓalli ne ka cire ka maƙala, a wasu sai mai gyaran salula ya yi maka soda. A ƙarshenta na sama ka feƙe rigar waje da ragar ƙarfen milimita 31 cif, ka bar zaren tsakiya da farar robarsa, ka toshe kan biron da gam. Jirgi zai ɓace duka, sandar kaɗai ke yanka ruwa, kamar yadda na gaske yake yi idan yana leƙen sama.

Tasha ɗaya ta fiffiken juyi, ɗaya ta fukafukan nutso, ɗaya ta motar farfela ta hanyar na'urar saita gudu mai gaba da baya, ɗaya kuma ta sirinji da wata ƙaramar na'urar irinta, a ɗora ta kan makunni mai matsayi uku: cika, tsaya, zubar.

Yanzu ga abin da ya fi komai. Wannan rimot yana da wurin da ake gaya wa risiba abin da za ta yi idan saƙo ya yanke. Saita shi haka: farfela ta tsaya, fukafukai su koma sama, sirinji ya zubar. Da zarar jirgi ya zarce ƙasa har kan eriya ya nutse, saƙo ya yanke, shi kuma ya tura ruwansa ya taso. Gwada wannan a kan tebur, ka cika sirinji ka kashe rimot, ka ga ko motar ta tashi da kanta. Kada ka yarda da saitin da ba ka gani da idonka ba.

Wanda aljihunsa bai kai ba, motocin wasan yara da ake kawowa lokacin Sallah, masu doguwar eriya da aka rubuta MHz 27 ko 40 a jikinsu, suna da gaba, baya, hagu da dama. Biyu masu lamba daban sun isa, ɗaya ta tuƙi, ɗaya ta sirinji. Sai a gitta wa kowace mota kafasita, wani ɗan kayan lantarki, mai lamba 104 don tartsatsinta kada ya rikita saƙo. Amma su ba su da wancan saitin na ceto, ka sani.

Riga

Wannan ba ta da wuya. Sayi tiyo mafi siranta, domin duk robar da za ta fito saman ruwa sirinji ne zai ɗauke ta. Tsaga shi biyu a tsaye, sama da ƙasa, don ka riƙa buɗewa. Hanci, rabin ƙwallon roba mai faɗin santimita goma, ko gindin ɗan duma da aka shafe da gam mai haɗi biyu ciki da waje. Wutsiya, a sassaƙa farin soson da ake naɗo firiji da shi, a lulluɓe da ƙyalle da gam, in ya bushe a ƙwaƙule soson. Fukafukai da tozo daga ragowar tiyo: zuba yashi a kasko kamar za ka soya gyaɗa, in ya yi zafi ka binne guntun tiyon da ka tsaga na ɗan lokaci, ya yi laushi kamar fata, ka danne shi tsakanin katako biyu ya huce. A yi wannan a fili, kuma kada roba ta taɓa wuta, hayaƙinta guba ne.

Huda manyan ramuka a cikin rigar ta ƙasa don ruwa ya shiga, da ƙanana masu yawa a doron baya da kan tozo don iska ta fita. Iskar da ta maƙale a riga tana yawo gaba da baya, kuma ba za ka taɓa samun daidaito ba muddin tana nan.

Daidaita shi a ruwa

Ware yini guda, ka nemi kwamin lambu ko dogon baho wanda ruwansa ke kwance. Dalma za ka samu wurin masu facin taya, irin wadda ake maƙalawa a ƙafar mota, ko wurin masunta. Kada ka fasa batirin mota, kada ka narka dalma a gida, kada ka bar yara su taɓa ta. Maƙwabtanmu na Zamfara sun rasa yara kusan 400 a 2010 saboda gubar dalma. Yanka ta da almakashin ƙarfe, ka shafe ta da fenti, ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Dalma a can ƙasan riga, soso mai hana nutsewa a sama kusa da tiyon ciki. Nauyi a ƙasa, iska a sama, shi ke hana jirgi kifewa, kuma shi ke hana juyin farfela karkata shi gefe.

Fara da sirinji a cike. Jijjiga jirgin a ƙarƙashin ruwa har iskar riga ta fita duka. Riƙa ƙara dalma kaɗan-kaɗan har ya zama saman tozo kaɗai ya rage yana taɓa fuskar ruwa. A nan ka tsaya. Kada ka ƙara har ya nutse. Danna shi ƙasa da yatsa ka saki: ya kamata ya taso a hankali, kamar mai tunani. Wannan ƴan giram ɗin da ka bar masa su ne abin da jirgina na farko ya rasa. Ragowar nutsewar fukafukai ne za su yi ta idan yana tafiya, kuma da farfela ta tsaya, ko batir ya mutu, ko allon kariya ya yanke wuta, zai dawo sama ko da sirinji a cike yake.

Sai ka duba kwanciyarsa. In hanci ya yi ƙasa, matsar da dalma baya, kada ka ƙara sabuwa. Kuɗin ƙarfe suna da amfani wurin gwaji, ka ɗora a doro ka riƙa matsarwa har ya kwanta sak, sannan ka auna ka maye su da dalma. In ya daidaita, zubar da sirinji ka gani. Da mililita 60 tozo zai fito duka da ɗan siririn doro. Idan yanzu ya karkata gaba ko baya alhali ɗazu daidai yake, tsakiyar sirinji ba ta kan tsakiyar nauyi, sai ka zuge tiyon ciki gaba ko baya ka sake daga farko. Za ka maimaita sau biyar ko shida, haka abin yake. In ka gama, liƙe kowace dalma da gam, ka yi wa mazaunin tiyon ciki alama da fenti.

Ranar fita

Zafin garinmu yana da wani makirci da sai wanda ya gamu da shi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, idan ka rufe tiyo a rana iskar cikinsa ta yi zafi, ka jefa shi ruwa mai sanyi, iskar za ta tsuke. Daga digiri 45 zuwa 25 matsinta yana raguwa da kusan kashi shida cikin ɗari, sai tiyon ya riƙa tsotsar ruwa ta bututun farfela. Maganinsa: ajiye jirgi a inuwa da jiƙaƙƙen tawul a kai, ka sa shi a ruwa minti biyar, ka ɗago hancinsa ka danna bawul iska ta daidaita, sannan ka buga famfo sau ɗaya don matsin ciki ya ɗan fi na waje. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Goge zoben roba da tsumma mai tsabta ka sake shafa girisi duk lokacin da za ka rufe.

Kada ka kai shi Gulbin Maraɗi da damina, igiyar ruwan ta fi ƙarfinsa. In Madarunfa za ka, ka fara gaida masunta ka nuna musu abin da ka kawo, su za su gaya maka inda koma da ƙugiyoyinsu suke, kuma in ya maƙale su ne masu kwalekwale. Ka guji shiga ruwan tafki da ƙafa ba dole, saboda tsargiya. A fitowar farko ɗaura masa zaren kamun kifi mita biyar da murfin gora mai launi a ƙarshe.

Fara da yawo a sama, ka koyi faɗin juyinsa. Sannan cika sirinji, ba shi gudu kaɗan, ka taɓa fukafukai a hankali. Sabon hannu yakan danna da yawa, jirgi ya soka hanci, ya ja da yawa, ya yi tsalle, ya dinga sukuwa kamar doki. Rage tafiyar sarbon fukafukai a rimot zuwa rabi. Gudu ma kada ya wuce tafiyar mutum a ƙafa: idan an ƙanƙanta jirgi sau ɗari, gudunsa sau goma ake ragewa kafin igiyar ruwan da yake tayarwa ta yi kama da ta gaske, wato kilomita 37 a awa na babban ya koma ƙasa da huɗu. Bayan minti goma fito da shi, buɗe, duba busasshiyar takardar da za ka cusa a ciki kafin ka rufe. In ka dawo gida wanke shi da ruwan famfo, ka bar murafai a buɗe ya sha iska, ka jefa ƴan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi.

Abin da za ka ƙara daga baya

Gyara na farko da ya cancanci wahala shi ne babban tanki. Da guntun tiyo mai milimita 50 da kan matsawa mai zobe biyu daga wurin mai injin, tafiyar santimita goma za ta ba ka kusan mililita 160, doron jirgi ya fito yadda yake a hoto. Amma matsin ciki zai ninka kusan sau uku, don haka ɗaurin murafai sai an ƙarfafa, motar giya ma a sa mai ƙarfi.

Na biyu, kawar da ramin farfela gaba ɗaya. Faifai biyu masu maganaɗisu, ɗaya a ciki a kan mota, ɗaya a waje a kan sandar farfela, murfi siriri a tsakaninsu. Na ciki ya juya, na waje ya bi. Babu rami, babu yoyo, kuma in ciyawa ta naɗe farfela faifan zamewa yake yi, mota ba ta ƙonewa. Sai dai yana tara baƙin yashi mai ƙarfe, a riƙa gogewa.

Wanda ya iya Arduino, wato ƴar ƙaramar kwamfutar da ake tsara wa aiki, allonta mai suna Nano da ƴar na'urar MPU-6050 mai jin karkata za su riƙa gyara fukafukan baya da kansu, sukuwar nan ta ƙare. A kan allon ɗaya za ka iya jona wayoyi biyu tsirara a ƙasan tiyo, da ɗigon ruwa ya haɗa su sirinji ya zubar. Ɗaliban fasaha na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da na makarantun koyon sana'a suna da wannan ilimin, ka nemi ɗaya ku haɗa hannu, kai da aikin roba shi da lissafin kwamfuta.

Fenti a ƙarshe, bayan komai ya zauna: baƙi a sama, jan ƙasa a ciki, siriri ba mai kauri ba, sannan a sake gwajin daidaito domin fenti ma nauyi ne. Kan sandar eriya kuwa ni ja mai haske nake shafa masa ko da na gaske ba haka yake ba, saboda da la'asar, in rana ta kwanta kan ruwa, daga mita talatin shi kaɗai ake iya hangowa.